Jirgin Ƙasa Bai San Ɗiyar Mai Fito Ba

Illo, ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Ma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, tare da fatan takardar nan ta same ki lafiya lau, ke da yayanki Nasiru da iyalinsa a Birnin Kebbi. Allah Ya tsare min ke gaba da baya, dama da hagu, Ya sauke ki Kaduna lafiya kamar yadda kika bar ɗakina lafiya.

Ma'u, tun ranar da aka ce makarantar ungozoma ta ɗauke ki bakina ya ƙi rufuwa. Ina shara ina murmushi, ina daka ina murmushi. Ɗiyata cikin fararen kaya! Ɗiyata a Kaduna! Kuma Gwaggonki Dije ta ce in an yi hutu za ta shiga da ke sabon jirgin nan na Abuja, mai sanyi a ciki, mai kujeru masu laushi. Wallahi har na ɗan ji kishinki. Ki zauna min gefen taga, ki kalli duwatsu da gonaki suna gudu, ki adana min labarin kar ki rage komai.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, kowa lafiya. Magana ɗaya ta sa na ɗauki biro.

Kin san da ƙyar Babanku ya amince da tafiyar nan, kuma ba karatun yake ƙi ba. Gidan Gwaggo yana wancan gefen layin dogo, makarantarku tana wannan gefen, ke nan kullum sai kin tsallaka, safe da yamma. Ya ce zango ɗaya ya ba ki na gwaji. In Gwaggo ta ce ta ga kin bi ta yanke ko sau ɗaya, da kansa zai zo ya kwaso kayanki, karatu ya ƙare. Ni na tsaya miki. Na ce masa, "Malam, ɗiyata ce, na san halinta." Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ai shi na abin tsoron. Ɗiyarki ce." Na yi dariya, amma ban iya musa masa ba. To bari ki ji dalili.

Ni ɗiyar mai fito ce, kin sani. Marigayi kakanki a bakin gulbin Kwara ya tsufa, yana tsallakar da mutane da kwalekwale. Mu da muka tashi a bakin gulbi akwai abin da muka sha tare da nono: wanda ya fi matsawa bakin ruwa shi ke samun wurin zama mai kyau, kuma jirgin fito ba ya barin wanda ya sani. Ko ya yi nisa, in kika ɗaga mayafi kika kaɗa, sai ki ga an juyo da filafili ana mita ana dariya. Da wannan ilimin na je na gamu da jirgin ƙasa.

Ina amarya a lokacin, lallen ƙafata bai gama gogewa ba. Babanku yana kai albasa Kwatano yana sayo atamfa, sai wata rana ya ce, idonsa a ƙasa, wai ko zan so in ga teku. Tun bai rufe baki ba na gyaɗa kai. Muka tsallaka iyaka ta Lolo, muka yi ta shan mota har Faraku, inda a wancan zamanin ake shiga jirgi zuwa Kwatano. Kar ki ga Babanku yanzu da furfura da ciwon gwiwa ki ɗauka haka aka haife shi. Dogo ne, siriri, ga saje kwance luf, ga farin yadi da ya sha guga, in ya gifta ƙamshin turarensa sai ya daɗe bai bar wurin ba. Ko kallonsa ba na iya yi ido da ido.

Da muka isa tasha ya tafi yankar tikiti, ya ce in tsaya kusa da kaya. Ni kuwa na ga mutane duk sun ja baya sun jingina da bango, na ce a raina waɗannan ba su san kan tafiya ba. Na ratsa su, na je har ƙarshen dakalin, yatsun ƙafata suna leƙen ƙarfen dogo, na miƙa wuya ina hangen ta inda zai ɓullo. Na zaci faɗin jirgin daidai yake da faɗin ƙarafunan nan biyu. Ashe cikinsa ya fi ƙafarsa faɗi nesa ba kusa ba. Ya taho yana huci, ni ina ta washe baki kamar na ga ɗan'uwa. Iskarsa ta fizgi gefen mayafina ta yi wajen ƙafafunsa da shi, ni kuma na sunkuya zan kamo. Sai na ji an damƙi wuyan hannuna an fizgo ni baya da ƙarfi, na faɗa jikin mutum. Ƙamshin ne ya gaya min ko wane ne.

Ya ce, "Ke! Mi kike yi nan?"

Na ce, "Wuri nike kama muna."

Bai san sanda dariya ta kuɓuce masa ba, ga kuma hawaye a idonsa. Ranar ya fara riƙe hannuna a gaban jama'a, kuma bai saki ba sai da muka zauna. Na san ki, nan za ki tsaya ki lumshe ido ki ce kai, Inna, kamar a littafi. To buɗe idon. Ba kullum ake samun mai fizgowa ba. A tashoshin yanzu an ce akwai layi mai ruwan ɗorawa da aka ja a ƙasa. Ki tsaya bayansa, ki ƙara da taku naki na kanki. Ki tattare hijabinki ki riƙe a hannu, dogayen rigunan nan naku masu share ƙasa ki ɗage su kaɗan. Abin da ya faɗi kan dogo, ko wayarki ce, ki kira ma'aikacin tasha, kar ki sunkuya. Kuma kujerarki tana rubuce a tikiti, ba mai cinye miki ita. Ki bari jirgin ya tsaya cak, masu sauka su sauka, ki dubi ramin da ke tsakanin dakali da matakala, sannan ki taka.

Kin zaci na yi hankali daga nan? Ina! A ranar ma na ƙara.

Tafiyar ta yi daɗi, Ma'u, daɗin da har yau in na rufe ido ina jin ƙarar nan ta ƙarƙashin kujera, kacau-kacau, kacau-kacau. Itatuwa suka fara tsawo, ƙasa ta koma ja, ga korama ga kwakwar manja. Babanku yana nuna min abubuwa ta taga, kafaɗarsa tana taɓa tawa in jirgi ya karkata, ni ina yi kamar ban lura ba. Can muka tsaya a wata ƙaramar tasha da ban riƙe sunanta ba. Gyangyaɗi ya ɗauke shi. Na hango mata da abarba jibge a faranti, ƙamshinta har cikin tarago. Na ce bari in ba shi mamaki, ya farka ya ga na fere masa. Na lallaɓa na sauka.

Kin san ni da ciniki. Matar ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarensu, muka dinga yi da yatsu, ta ƙi, na juya kamar zan tafi, ta kira ni, na dawo. Jirgi ya yi kuka. Na ji shi sarai. Na ce a raina ai sun ga na sauka, kuma mijina yana ciki, ina za su je? Ya sake kuka. Na zaɓi abarbata, na danna gindinta da farce, na juyo a natse, sai na ga taragai suna tafiya.

Ko a jikina. Na cire mayafi na ɗaga sama ina kaɗawa, ina cewa, "Ku dakata! Da sauran mutum!" Kamar yadda na yi wa kakanki sau ba adadi. Mutanen tasha suka tsaya suna kallona. Jirgi ya ƙara sauri. Nan fa na kwasa da gudu, abarba a hammata. A gulbi, in kwalekwale ya ɗan matsa daga gaɓa, tsalle ake yi a faɗa ciki, in an kuskure a jiƙe a sha dariya. Na kama ƙarfen ƙofa da hannu ɗaya, na ɗaga ƙafa, takalmina ya zame ya faɗa ƙarƙashi. Jirgin ya fara jana. Na ɗaga kai sai ga fuskar Babanku a taga, bai taɓa yi min tsawa ba sai ranar.

"Saki! Don Allah saki!"

Na saki. Na faɗi kan dakali, gwiwata ta fashe, tabon nan da kike tambayata kina yarinya ina ce miki faɗuwa na yi. Ina kwance ina kallon jirgi ya tafi da mijina, ya bar ni a ƙasar da ban san kowa ba, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Wata tsohuwa mutuniyar ƙasar Dandi, mai jin Hausa, mai sayar da ƙosai a bakin tashar, ita ta ɗaga ni. Da ta ji ina salati da Hausa sai ta ce, "Ɗiyar nan, daga ina?" Na ce Illo. Ta ce, "Haba, shi ya sa! 'Yan bakin ruwa. Ke kin zaci na ubanki ne?" Na ce cikin kuka ai kuwa ubana mai fito ne. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta wanke min ciwon, ta zaunar da ni a tabarmarta, ta tura yarinyarta ta leƙo takalmin bayan layi ya yi shiru. Aka kawo shi a hannu. Ya koma kamar an daka shi a turmi. Tsohuwar ta ajiye shi a gabana ta ce, "Dube shi da kyau. Saura kaɗan da ƙafar a ciki." Daga nan ban ƙara kuka ba, na ƙura wa takalmin ido.

La'asar sakaliya sai ga ɗan kabu-kabu ya shigo a guje, Babanku a bayansa. Ya sauka a tasha ta gaba ya juyo. Farin yadin nan ya koma ja da ƙura, hula babu, saje duk ƙasa, kuma wallahi ban taɓa ganin ya yi min kyau irin na lokacin ba. Ya durƙusa a gabana yana duba gwiwar. Da ƙyar ya ce, "Na so in diro. Wani dattijo ya riƙe min riga, ya ce in ka diro ta zama gwauruwa tun lalle bai goge ba." Tsohuwa ta ce, "Allah Ya yi wa dattijon nan albarka. To ango, ga amaryarka, ga abarbarka, ta kusa sayen ta da ƙafa." A tabarmar muka fere ta mu uku. Ban taɓa shan mai zaƙinta ba, ban kuma ƙara sauka daga jirgi don kwaɗayi ba.

Ma'u, jirgin ƙasa bai san ɗiyar kowa ba. Ko direban ya hango ki, ko ya so ki kamar ransa, ba shi da sitiyarin kaucewa, kuma in ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. In ya motsa kina ƙasa, ki tsaya ki ɗaga masa hannun sai an jima. In ya motsa kina ciki, ko kin wuce tasharki, ki zauna. Kunyar makara ta yini ɗaya ce.

Na ƙarshen shi ne wanda Babanku bai manta ba, kuma da ke aka yi shi.

Kina goye, ba ki fara rarrafe ba, muka je Kaduna sunan ɗan Gwaggo na fari. Da safe ta aike mu kasuwa ni da wata maƙwabciyarta. Muka zo layin dogon nan, wannan dai da za ki riƙa tsallakawa, muka tarar da jirgin kaya ya tsaya ya tare hanyar yanke, dogo har ba a ganin kansa. Mashigar gaskiya, inda ake da shinge da mai gadi, tana can gaba, ga rana. Na ga mata suna sunkuyawa suna bi ta ƙarƙashin tarago, har da mai tallan koko. Maƙwabciyar ta ce, "Tun asuba yake nan, ba inda za shi," ta sunkuya ta wuce. Ni kuma abin bai yi min baƙo ba. A mashayar gulbinmu, in jiragen fito suna ɗaure, ta cikin wannan muke takawa mu shiga wancan, abin da aka ɗaure ai ba ya tafiya.

Na duƙa na sa kai. Na manta tsawona ya ƙaru da goyo. Kanki ya ɗan gogi ƙarfen, kika callara ƙara irin wadda ba ki taɓa yi ba. Na ja da baya, na miƙe, na kwance zani ina duba kanki ina cewa yi haƙuri, yi haƙuri. Ban gama rufe baki ba na ji garam! Taragan suka bugi juna tun daga can gaba har inda nake, ƙafar ƙarfen ta mirgina a hankali ta bi ta daidai inda gwiwata take ɗazu. Ban ji kukan jirgi ba, kansa ya yi nisa. Maƙwabciyar tana wancan gefen tana ihu, ba ta san ko muna ƙarƙashi ba, sai da tarago na ƙarshe ya wuce ta gan mu zaune a ƙasa, na ƙanƙame ki, kina ta tsotsar yatsa abinki.

Da aka gaya wa Babanku bai yi faɗa ba. Ya karɓe ki ya sa a kafaɗa, ya yi ta zagaya tsakar gida da ke har kika yi barci. Tun daga ranar ya rantse ba ya ƙara taka unguwar, ko sunanta ba ya son ji, sai ga shi Allah Ya kai karatunki can.

Don haka ki ji ni da kyau. Jirgin da ke tsaye ba matacce ba ne. Kar ki bi ta ƙarƙashinsa, kar ki haura tsakanin taragai, ko da duk unguwar suna yi, ko da malamarku ce a gaba. Ki taka har mashigar da aka tanada, in akwai gada ki hau. In an sauke shinge ki tsaya, in mai Keke ya ce zai zagaye shi ki ce ya sauke ki, ya je shi kaɗai. In jirgi ya wuce kar ki zabura, ki duba dama ki duba hagu, wani yakan biyo ta ɗaya layin, ƙarar na farko ta rufe tasa. Ƙawaye za su ce ku hau dogo a yi hoto don ya yi kyau. Ki ce musu Innarki ta hana, su yi dariyarsu.

Sai babban abin da ya fi damuna, wanda ba daga kowa kika gado shi ba sai ni. Ke in kina tafiya jikinki ne kawai a hanya, ranki yana can wani gari ana ɗaurin auren wasu da ba a taɓa haifa ba. Kin tuna ranar kasuwar Lolo, da kika toshe kunne da abin sauraren nan, ido a waya, kika yi karo da jakin mai itace har kika ce masa sannu? Mun yi dariya har muka gaji. Jaki ya tsaya ya dube ki. Wancan ba zai tsaya ba. Kafin ki iso layin, ki zare abin kunnen, ki jefa wayar a jaka. Masoyan cikin labarin za su jira ki, ba inda za su, in kin tsallaka ki ci gaba da yi musu kuka.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya faru ɗazu. Ina cikin rubutun nan Babanku ya shigo daga kasuwa, ya zauna bakin ƙofa yana murza gwiwa. Na ce, "Malam, takarda nike wa Ma'u, ko kana da saƙo?" Ya ce ba shi da shi. Can ya ce, "Kin sa mata zancen abarba?" Na ce na sa. Ya ce, "Da na jirgin kaya?" Na ce har shi. Sai ya miƙe ya buɗe akwati ya fara fito da kayansa na tafiya.

Na ce, "Ina zuwa kuma?"

Ya ce, "Takarda ba ta nuna hanya. Ni za ni kai mata ita, in raka ta Kaduna. In kama hannunta mu taka tun daga ƙofar Dije har mashigar, mu tsallaka, mu dawo, ta ga da gwiwar nan tawa ma ana iyawa."

Na ce, "To zancen zango ɗaya fa?"

Ya ce, "Wa ya ce miki zango ɗaya ake zama ungozoma? In ta bi inda na bi da ita, ta zauna har ta gama."

Ma'u, mutumin da ya yi rantsuwa ba ya ƙara taka unguwar nan! Na juya masa baya ina gyara ɗankwali don kar ya ga idona. Saboda haka wanda ya miƙo miki takardar nan, ki dube shi da kyau. In kun zo layin, zai riƙe hannunki da ƙarfi har ki ji zafi. Kar ki zare, kar ki ce Baba ai na girma. Ki bar shi ya riƙe.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo min da shi lafiya, Ya bar min ke a can cikin amincinSa. Allah Ya tsare ƙafarki a duk inda za ta taka, Ya buɗe miki ido da kunne a bakin kowace hanya, Ya sa albarka a karatunki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauka lafiya ga matan mutane. Ki gaida Nasiru da maiɗakinsa, ki gaida Gwaggo Dije da kyau da kyau.

Wassalamu alaikum.

Taki har kullum,
Innarki.